Shekarar da Baba Ya Tuɓe Kansa

Ku ƴaƴana da jikokina, wannan babin shi ne na yi ta kewaye wa tun da na fara rubuta muku labarin rayuwata. Na rubuta zamana a lakwal, wato makarantar boko, na rubuta aurena, amma duk sanda na iso nan sai in ajiye alƙalami in nemi wani aikin. Abin da aka yi wa jikata Nana a biki a Belbeji shi ya zaunar da ni yau. Maroƙiya tana bin ƴan mata ɗaya bayan ɗaya tana yi musu kirarin gidajensu, da ta zo kanta sai wata mai dogon baki ta ce ai wannan jinin tuɓaɓɓen Galadima ce. Maroƙiyar ta tsallake ta. Yarinya ta kira ni a waya tana kuka, wai da gaske ne mahaifina ƙarya ya yi wa sarki aka kore shi daga fada? Ban ba ta amsa a waya ba, don maganar ta fi ƙarfin waya. Duk waɗanda abin ya shafa yanzu suna ƙasa, saura ni, kuma ni ba zan tafi da ita a ciki ba.

Mu gidan Galadima ne. Sunan garin ba sai na rubuta ba, kun san shi, yana nan tsakanin Ollelewa da Tanout. Kakanninmu tare suka zo daga wajen Barno da wanda ya sari garin, tun daga lokacin kuma sarautar Galadima ba ta taɓa fita daga zaurenmu ba sai a kan Baba. A wasu garuruwan ban san aikin Galadima ba, amma a namu shi ne bakin sarki. Sarkinmu ba ya ɗaga murya a cikin jama'a. Yana zaune da amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, in zai yi magana sai Galadima ya durƙusa a damansa ya kai kunne, sannan ya miƙe ya ce, “Sarki ya ce.” Abin da ya biyo bayan wannan kalma shi ne hukunci, ko na gona ne, ko na rijiya, ko na aure. Ba wani mahaluki da ke kai kunnensa wurin nan sai Galadima. Baba kuwa, Mamman sunansa, ba bafade ba ne kawai a wurin Sarki Umaru. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, allo ɗaya suka wanke, tare suka sha dukan malami. A fada Galadima yake ce masa, amma in sun kaɗaice a ɗakin ciki sai ka ji Mamman kaza, Mamman kaza, suna dariya kamar yara.

A gida mu biyu muka rayu wa Inna, ni da Yaya Habu. Yaya shi ne ɗan fari, kun kuwa san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Baba bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Ɗan Galadima yake ce masa, gari ma ya ɗauka, har aka manta da Habu. Shi kuma gogan tun yana ƙarami ya sa sarautar nan a ransa. Sai ya tara awakin Inna a bayan rumbu, ya kai kunne bakin bunsuru, ya miƙe ya ce Sarki ya ce kowa ya koma turkensa. Inna takan kore shi da muciya tana dariya, tana cewa Allah ya nuna mata ranar da za a naɗa masa na gaske. Ya girma dogo, mai murya irin ta Baba, mai saurin fushi irin nawa.

Shekarar da nake ba ku labari, ban daɗe da fara koyarwa a lakwal ɗin garinmu ba, ina gida ban yi aure ba. Tun da bazara muka ga Baba ya sake. Daga sallar asuba ba ya dawowa gida, fada yake zarcewa, wai shi zai naɗa wa sarki rawani da hannunsa, aikin da ba nasa ba. In ya dawo da la'asar sai ya zauna ya tasa tuwo a gaba har ya huce. Inna ta yi tambaya, ta yi mita, ta yi fushi, ba ta samu komai ba sai cewa gajiya ce. A fada kuma ya hana kowa matsawa kusa da sarki. Masu gaisuwa daga nesa za su faɗi su tashi. Fadawa suka fara ƙananan maganganu, wai Galadima ya yi kane-kane, ya mai da sarki nasa shi kaɗai.

Bari in gaya muku abin da mu ba mu sani ba a lokacin, don kada ku yi ta lalube yadda muka yi. Gigin tsufa ne ya kama Sarki Umaru. Da fari sunayen mutane suka fara ɓace masa, daga baya ya koma neman mahaifiyarsa da ta rasu tun zamanin Turawa. Shi da kansa ya fara gane abin, sanda hankalin yake zuwa yana tafiya. Ya kira Baba ɗakin ciki, ya sa ya dafa Alƙur'ani, ya ce kada kowa ya sani muddin yana numfashi, har ɗansa. Tsoronsa ba na banza ba ne. A zamanin, in labari ya kai Tanout cewa sarki ya ruɗe, kumandan, wato babban jami'in gwamnati na can, zai rubuta sama a cire shi, ga kuma wani gidan sarauta a gabashin gari da ya daɗe yana jiran irin wannan rana. Sarkin da aka tuɓe kuwa ba a binne shi a cikin fada kusa da iyayensa, maƙabartar bayan gari ake kai shi. Abin da tsohon nan ya roƙa ke nan, ya mutu da rawaninsa a kwantar da shi kusa da ubansa. Daga Baba sai uwargidan sarki suka san wannan magana.

To haka Baba ya yi ta yi. Sai ya durƙusa ya kai kunne, sarki ya tambaye shi ko an ba jakin babansa ruwa, shi kuma ya miƙe ya ce Sarki ya ce a raba gonar nan daga gindin adua zuwa suri. Ya san mutumin ciki da waje, ya san abin da zai yanke da yana cikin hankalinsa, shi yake faɗa, bai taɓa karkata wa gidanmu ko da kan zangarniya ɗaya ba. Ku ce ƙarya ce in kun ga dama. Ni na sha juya abin a raina, har yau ban samo sunan da ya dace da shi ba.

Maganar burtali ce ta ɓallo ruwa. Da damina ta faɗi, wani mai hali a garin ya nome hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa rijiya, ya shuka gero har bakinta. Arɗo ya kawo kuka fada, Baba ya kai kunne ya miƙe ya ce Sarki ya ce a buɗe burtali yadda yake tun kaka da kakanni. Mai gonar kuwa surukin Yarima Lawali ne, babban ɗan sarki, wanda ke aikin duwan, wato kwastan, a Damagaram. Yarima ya zo a fusace. Za ku ce me ya hana shi shiga wurin ubansa ya gane wa idonsa? Shi ma ɗan fari ne. Tunda aka haife shi bai taɓa keɓewa da mahaifinsa ba, daga bakin ƙofa yake gaisuwa kansa a ƙasa, uwargida ta amsa masa. Abin da fadawa suka zuba masa a kunne shi ya ɗauka, cewa Galadima yana sauya maganar sarki tsakanin amawali da jama'a. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa ko da ban so. Ya yi zaton ubansa yake ƙwatowa. Ya kwashi fadawa uku suka kai ƙara Tanout, kumandan ya aiko cewa ran kasuwa zai zo, zai tambayi sarki da kansa, baki da baki, ba tare da wani a tsakani ba.

Ranar da saƙon ya iso, Yaya Habu har murna ya yi. Ya ce gara ma a zo, sarki ya buɗe baki ya kunyata maƙiya. Inna ta ce in an gama sai ta yi guɗa a ƙofar gidan kowane munafuki. Da safen ran kasuwa Baba ya sa Inna ta ɗauko masa farar rigar da ya gada wurin kakanmu, ya naɗa rawaninsa a tsanake, ya daɗe yana gyara shi a gaban ɗan madubin Inna. Har ta tsokane shi ta ce ko amarya zai ɗauko. Da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya waiwayo, ya ce da ita ta dafa abinci da wuri, yau ba zai daɗe ba.

Jama'a ta yi yawa har zaure ya kasa ɗauka, aka fito da shimfiɗar sarki gindin gawon ƙofar fada. Mu mata muna bayan zana muna leƙe. Kumandan ya zo da jandarma biyu, aka ba shi kujera. Yarima ya miƙe ya zayyana ƙararsa. Sarki yana zaune cikin alkyabba, ba abin da ake gani sai idanunsa, suna bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Kumandan ya gyara zama zai tashi ya nufe shi. Kafin ya miƙe sai Baba ya riga shi, ya durƙusa a dama kamar kullum, ya kai kunne. Na ga hannun sarki ya fito daga cikin alkyabba ya kama hannun Baba. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda ya saba. Sannan ya zare hannunsa a hankali, ya miƙe, ya fuskanci jama'a da muryar nan tasa da ake ji har bakin kasuwa.

“Sarki ya ce ya ji kukan ɗansa. Sarki ya ce maganar burtali tasa ce, tana nan daram. Amma Sarki ya ce gaskiya ne Galadima ya yi masa shisshigi, ya tare tsakaninsa da jama'arsa. Sarki ya ce ya tuɓe Galadima. Daga yau Yarima shi ne bakinsa.”

Ya sa hannu ya warware rawanin da ya ɓata safiya yana naɗawa, ya ninke shi, ya ajiye a gaban shimfiɗa. Ban taɓa ganin kan Baba a waje ba hula ba sai ran nan, ashe duk ya yi furfura. Kumandan ya koma ya zauna, don me kuma zai tambaya? Mai ƙara ya samu fiye da abin da ya nema, sarki ya nuna shi ke da garinsa. Aka ce Yarima ya matso ya kama aiki. Ya zo yana sanɗa, ya durƙusa inda Baba ya tashi, karo na farko a rayuwarsa ya kai kunne bakin mahaifinsa. Ina kallon ƙeyarsa. Na ga ya sandare, ya ɗago ya nemi Baba da ido, amma Baba ya riga ya juya yana ratsa mutane. Yarima ya miƙe ya ce Sarki ya ce a yi fatiha a tashi.

Abin da ya biyo baya a gidanmu ba na son tuna shi. Inna ta kwanta kamar mai ciwo, ta daina zuwa biki da suna. Masu zuwa gaisuwar safe suka ɗauke ƙafa, zauren da ba ya rabo da takalma ya koma wurin kwanan kaji. Tuɓaɓɓe ba ya taka fada, don haka Baba sai gona sai masallaci. Ni yara suna yi mini waƙa a bayan aji. Amma wanda abin ya ci shi ne Yaya Habu. Sunan da aka san shi da shi ya zama abin tsokana, in ya wuce majalisa sai wani ya ce a ba Ɗan Galadima hanya, a kwashe da dariya. Sau biyu yana fasa wa mutane baki. Ya yi ta jiran Baba ya ce sharri aka yi masa, ko da kalma ɗaya ce, don ya samu abin riƙewa. Baba ba zai ce ba, rantsuwa ta ɗaure shi, sarki yana da rai.

Bayan an yi girbi Yaya ya ɗaure kayansa, zai bi motocin Agadas ya wuce Libiya. Da hantsi ne, Baba yana zaune a zaure yana gyaran igiyar guga. Yaya ya tsaya a kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya yi masa magana ido da ido.

“Baba, abu ɗaya nake so in ji kafin in tafi. Abin da ka faɗa a bakin fada, sarki ne ya faɗa?”

Baba bai ɗago ba. Ya ce, “Abin da aka ji shi aka ji. Allah ya tsare hanya.”

Yaya ya saɓa jakarsa ya fita. Baba ya saki igiyar ya miƙe har bakin ƙofa, na ga ya buɗe baki zai kira shi. To da me zai kira shi? Sunan yanka bai taɓa fita daga bakinsa ba, Ɗan Galadima kuwa shi da kansa ya kashe sunan. Yana nan tsaye riƙe da ƙyaure har Yaya ya sha kwanar masallaci. Saƙonsa ya zo mana sau biyu daga can, duka zuwa ga Inna. Daga baya wani ɗan Tarka da suka yi aikin gini tare ya kawo mana labarin zazzaɓi ya kashe shi, an binne shi a garin da ko sunansa Inna ba ta iya faɗa ba.

Sarki Umaru ya rasu da damina ta zagayo, da rawaninsa, aka kwantar da shi a cikin fada kusa da ubansa. Yarima ya riƙe sirrin har ƙarshe, ya yi ta miƙewa yana cewa Sarki ya ce, daidai yadda Baba ya yi. Baba a waje ya tsaya aka yi sallar gawa, cikin talakawa, da aka shiga da ita ciki ya dawo gida. Aka naɗa Yarima. Mun sa rai zai mai da mana sarautarmu, bai mayar ba, ya ba wani daga cikin fadawan da suka raka shi Tanout. Yanzu na gane dalilinsa, in ya wanke Baba dole ya faɗi abin da ya ji a bakin amawali, duk hukuncin shekarar nan ya warware, har da wanda ya ɗora shi. Na gane, amma ban ce na yafe ba. Kowace kaka sai mu wayi gari mu ga amalanken gero a ƙofar gida, ba a cewa daga ina. Inna ta san daga ina. Ba ta taɓa bari ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyarta ba, sadaka take yi da shi, har ta koma ga Allah ba ta san gaskiyar maganar ba.

Ni ma sai a ciwon ajalin Baba na sani, ina da ƴaƴa uku a lokacin. Wata la'asar ina ba shi kunu, ya ture kofin ya ce in zauna. Ya ba ni labarin tiryan-tiryan yadda na rubuta muku, ya ce kada in fitar da shi muddin Sarki Lawali yana raye. Raina ya ɓaci, ban ɓoye masa ba. Na ce ya sayar da gidansa da ɗansa don kabarin wani. Na ce da ya tuɓe kansa, ya tuna da Inna? Ya tuna da Yaya? Ya ce ya tuna, ya san rawanin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma in Allah ya tambaye shi hakkin yaron nan ba shi da amsa. Sannan ya ce amma ba rawanin ke hana shi barci ba. Na ce to mene ne? Ya ce ban tambaye shi abin da sarki ya faɗa masa a gindin gawo ba. Sai na tambaya.

“Cewa ya yi, Mamman, su wane ne waɗannan? Tsoro nake ji. Kada ka sake mini hannu.”

Baba ya dubi tafin hannunsa. Ya ce ya amsa masa da to, ba zai sake ba, sannan ya zare hannun ya miƙe ya faɗi abin da ya san zai hana shi sake ganinsa har abada. Uwargidan sarki ta aiko masa daga baya, wai kullum da safe in an zo naɗa rawani sai tsohon ya ture hannun mai naɗin ya ce ina Mamman, a ce masa yana zuwa. Haka ya yi ta tambaya har ranar da ya cika. Baba yana jin tambarin fada daga gonarsa, tsakaninsu bai fi a kira mutum ya amsa ba.

Baba bai ƙara kwana da yawa ba bayan wannan hirar tamu. A maƙabartar bayan gari muka kai shi, inda ya hana a kai amininsa.

Nana, ke na fi rubuta wa wannan. Ban ce ki je ki yi faɗa da maroƙiya ba, ita abin da ta tarar ake faɗa take faɗa. Sarautar ta tafi, ba za ta dawo ba, kada wani cikinku ya ɓata ƙafarsa zuwa neman ta. In an sake ce miki jinin tuɓaɓɓe, ki ce e, haka ne, ki ƙara da cewa ba wanda ya tuɓe shi. In kuma Allah ya ba ki ɗa namiji, ki sa masa Habu, ki riƙa kiran sunan da ƙarfi a tsakar gida, ko da shi ne na fari.